Shekarar da Malam Ya Ajiye Reza

Na daɗe ina jin ku, ku jikokina, kuna maimaita wata magana da ba haka take ba, wai masana'antar Saint-Fons ta hana kakanku Malam Isufu kujerar shef, wato shugaban sashe, saboda shi baƙi ne kuma Musulmi. Na san inda kuka samo ta. A bakin 'yan uwanmu na Belleville kuka ji, waɗanda in ka ba su kujera da kofin shayi sai su ba ka tarihin mutumin da ba su taɓa kwana gidansa ba. An hana kakanku abubuwa da yawa a ƙasar nan saboda fatarsa, ban musa ba. Amma wannan kam ba wanda ya hana shi. Shi ya ajiye ta da hannunsa, ina tsaye ina kallo, ina kuma ta masifa. Tunda ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa, ni ce na rage da zan gyara zancen. Da gangan na rubuta da Hausa, wanda ke son ya sani sai ya zauna ya koya.

A Saint-Denis muka fara zama, can na haifi Ladi, wadda ba na faɗin sunanta na yanka tunda 'yar fari ce, can kuma na haifi Karim. Suna ƙanana Malam ya samu aiki kusa da Lyon, a wata masana'antar sinadarai, muka kwashe komatsanmu muka bi shi. Aikinsa a sashen manyan tankuna yake, inda wani lokaci sai an shiga ciki da abin rufe fuska mai tulun iska a baya. Abin nan dole ya manne da fata sosai, in akwai gashi ko kaɗan a haɓa sai iskar guba ta samu hanyar shiga. Saboda haka kullum da asuba, kafin ya yi alwala, sai ya aske fuskarsa tas. Mutumin da ubansa da baffanninsa a Damagaram duk gemu gare su har ƙirji, in ya je hutu sai su riƙa kiransa ɗan saurayi. Bai taɓa ƙorafi ba. Shi ne ma ke mayar da matasan ma'aikata gida in sun zo ba su yi aski ba, yana cewa gara su ji haushinsa da ya je ya yi wa uwarsu ta'aziyya.

Wasan hoki kuwa lakkol ce, wato makaranta, ta jawo mana. Karim yana ƙaramin aji aka kwashe su wata rana zuwa filin ƙanƙara na garin, ya dawo da gwiwa a kumbure yana cewa gobe ma zai koma. Ga wanda bai taɓa gani ba, wasa ne na mutum shida kowane gefe, takalmansu da ƙarfe mai kaifi a ƙasa, kowa da sanda mai lanƙwasa, suna korar wata baƙar roba mai kama da masar da ta ƙone, sai dai taurinta na cire haƙori. Ta cire wa Karim biyu. Ranar da ya nemi a saya masa kayan wasan, Malam ya dube shi ya dube ni.

"Ɗan Damagaram a bisa ƙanƙara? Mu da muka san ta cikin ruwan sha?"

Ya saya dai, kuma ya ci gaba da saye duk lokacin da ƙafar yaron ta ƙaru, amma bai taɓa shiga filin ba. Ya ce sanyin na kama masa ƙirji, kuma ba zai iya zama yana kallon ana haɗa ɗansa da bango ba ana tafi. Ni ce na zama 'yar rakiya, da zanena da rigunan sanyi uku da shayi a falas.

A kan bencin nan mai sanyi na haɗu da Madam Odil, wata tsohuwa 'yar firit mai muryar maza, da jan bargo a kafaɗa. Da farko ta dube ni sama da ƙasa, ni ma na dube ta. Da ta ga ban fasa zuwa ba, damina da rani, sai ta matsa mini wuri, daga nan kuma ban sake samun hutun kunne ba. Ubanta ya buga wa ƙungiyar, kakanta na cikin waɗanda suka kafa ta, kuma ta ɗauka wajibi ne in san komai. Ba zan faɗi sunan ƙungiyar ba, kun san ta, rigarta na rataye a ɗakin Karim. Ta ce 'ya'yan attajiran siliki ne suka fara ta a kan wani tafki da ke daskarewa da hunturu, suna wasa da sandunan da kafinta ya sassaƙa musu, har wata shekara ƙanƙarar ta fashe da mai tsaron raga aka ciro shi da igiya. Daga nan suka koma wani babban zaure da masu kuɗi ke rawa a kan ƙanƙara, ana ba su filin da sassafe kafin masu rawa su tashi daga barci. Yaƙi ya zo ya kwashe 'yan wasan, wasu ba su dawo ba, zauren kuma aka mayar da shi wurin ajiyar motoci. Suka yi shekaru ba su da filin kansu, sai su hau jirgin ƙasa zuwa garuruwan duwatsu su ari na wasu. Sau ɗaya tak suka ɗauki kofin ƙasa, tana yarinya, a kan wuyan ubanta ta kalla. Bayan wannan ƙungiyar ta talauce, ta ruguje, aka tada ta, ta faɗa rukunin ƙasa, ta sake rarrafowa. Takan nuna mini tsofaffin riguna da aka rataye can sama kusa da rufi, ta faɗi sunan mai kowace da yadda ya mutu, kamar mai lissafa dangi. Ban ankara ba sai na ji kaina ina cewa "mu" in ana zancen ƙungiyar, ni Hadiza 'yar Maradi.

Karim ya hau mataki-mataki har ya shiga babbar ƙungiyar, ana biyansa albashi, ya koma zama da abokan wasansa a wani gida kusa da filin. Shi kaɗai ne baƙi a cikinsu, shi kaɗai ke salla. Duk Lahadin da ba su da wasa yakan zo gida cin tuwo, shi da ubansa a kwano ɗaya, don tun yana yaro haka suka saba, babu wasu maza a gidan da Malam zai ci da su.

Shekarar da nake ba ku labari ita ce wadda ta biyo bayan kashe-kashen da aka yi a Paris. Ku ba ku san yadda garuruwan nan suka zama ba. Sojoji a kowace tasha, ido a kanka a cikin bas, in ka ajiye jaka ka juya sai ka ga mutane sun ja baya. A masana'antun sinadarai abin ya fi tsanani, an ƙara masu gadi, ana sake bincikar kowa. Wani abokin aikin Malam, Balarabe da suka daɗe tare, ya zo wata safiya katinsa ya ƙi buɗe ƙofa, kuma ba a sake ganinsa a wurin ba. Malam ya rage magana, ya rage cin abinci. A wannan shekarar ce kuma, cikin ikon Allah, ƙungiyarmu ta kai zagayen neman kofi, abin da ta daɗe ba ta gani ba. A zagayen nan akan yi ta karawa da ƙungiya guda har ɗaya ta fitar da ɗaya, sannan a wuce ga ta gaba. Kuma suna da wata al'ada: daga ranar da aka fara, babu ɗan wasan da zai sa reza a fuskarsa sai an fitar da su ko sun ɗauki kofi. Har tsofaffin magoya baya maza sukan bar nasu. Madam Odil ta rantse mini al'adar tun zamanin kakanta ce, amma mijin ƙawarta ya raɗa mini cewa wani mai tsaron raga ɗan Kanada ne ya zo da ita, kuma aurena ma ya kusa girme ta. Ko ma dai yaushe ta fara, sun riƙe ta kamar addini.

Turawan nan in sun bar gemu sai ka ga wani jan ciyayi tsilli-tsilli, abin dariya. Karim kuwa jinin Damagaram ne. Kafin a ce me, fuskarsa ta cika da baƙin gemu mai kauri, sak hoton kakansa. Haka ya shigo mana wata Lahadi, na riga na zuba tuwon samul, na garin alkama, da miyar kuka. Malam ya ɗago kai, hannunsa ya tsaya a bakin kwano.

"Mi ne ne wannan a huskarka?"

"Baba, c'est la tradition, al'ada ce, duk ekip ɗin ne, ƙungiyar gaba ɗaya. Ba mai askewa sai an gama."

"Duk ekip ɗin sunansu Abdul-Karim? Duk ekip ɗin ake tsayarwa a tasha?"

"In na aske ni kaɗai, mi zan ce musu? Ni ba ɗan ƙungiya ba ne kenan?"

"Ka ce musu ubanka ya ce."

Karim ya yi dariya, ba ta raini ba, irin ta wanda ya ɗauka wasa ake. Dariyar nan ce ta ɓata komai. Malam ya janye hannunsa, ya goge shi a hankali, ya ce wallahi ba zai sake haɗa kwano da shi ba, ba kuma zai amsa gaisuwarsa ba, sai ranar da ya ga fuskarsa a aske. Na san mutumin da nake aure, bai iya rantsuwar wasa ba. Na ce Malam a bar rantsuwa, ya ce ya riga ya yi. Karim ya tashi ya ɗauki rigarsa. Tuwon nan haka ya huce, ba wanda ya taɓa.

Daga nan na shiga wani hali da ban taɓa shiga ba. Duk wasan da suka ci, gemun na ƙara kwana, shirun gidana na ƙara tsawo. Karim yakan zo ya durƙusa ya ce Baba ina wuni, Malam ya kafa ido a talabijin. Yaron ya miƙe ya shigo kicin ya tsaya a bayana, ƙato da shi. Ni kuma in je fili in zauna kusa da Madam Odil, tana ihu tana buga ƙafa, ni ina jan carbi a ƙarƙashin mayafi ina roƙon Allah ya sa a fitar da su cikin mutunci, ba tare da an ji wa kowa rauni ba. Tsohuwar ta ga bakina na motsi ta ce in ƙara, addu'ata na ci. Suka fitar da ƙungiyar farko. Na tafa tare da kowa, na koma gida na yi kuka a banɗaki.

Zagaye na biyu da wata ƙungiya ta wajen Paris aka haɗa su, wanda ya ci ya tafi wasan ƙarshe. Ya zo daidai da haihuwar Ladi, ina Saint-Denis wajenta ina yi mata wankan jego. Ke Amina, ke ce jaririyar. Ranar da za su buga wasa a can da yamma, an ba su hutun safe, Karim ya ce zai leƙo ya ga 'yar yayarsa. Ya yanke wata tsohuwar sandarsa daidai tsawon yayanki Bashir, wanda ya dame shi da roƙo, ya sa ta a doguwar baƙar jakar da suke sa sanduna. Ku haɗa da kanku: saurayi baƙi, gemu cike da fuska, doguwar baƙar jaka a kafaɗa, cikin metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, layi na sha uku, a wannan shekarar. Muka dafa shinkafa muka jira. Azahar ta yi, la'asar ta yi, wayarsa a kashe. Ladi na shayarwa tana ta sake kiran lambarsa. Sai can wata baƙuwar lamba ta kira, muryar kyaftin ɗin ƙungiyar ce, ya ce kar in tsorata, suna komisariya, ofishin 'yan sanda, sun zo karɓarsa. Wani fasinja ne ya kira 'yan sanda. A gaban jama'a suka jingina shi da bango, fuska a jikin siminti, ƙafa a ware, bindiga a bayansa, aka kori mutane daga tashar saboda jakar. Da suka buɗe suka ga sandar yaro, duk da haka sai da suka tafi da shi suka yi ta tambaya, wane masallaci yake zuwa, yaushe ya fara barin gemu. Dole kyaftin ya koma fili, don kafin a sake shi an riga an fara wasa. Aka ci su a ranar.

Washegari muka dawo Lyon tare a jirgin ƙasa, don mai horar da su ya ba shi hutu. Goshinsa da ƙujewar bango. Ya ce mini mai horarwar ya ce ya aske abinsa ba mai ganin laifinsa, kyaftin ma ya ce in yana so dukansu za su aske. Yana magana yana kallon taga.

"Maman, Baba ya yi gaskiya. Ni na ɗauka ni ma ɗan garin ne. C'est fini, shi ke nan, zan aske."

Wallahi daɗi na ji. Na ce Alhamdu lillahi, Allah ya yi maka albarka. A tashar Lyon ya sayi reza, muka wuce gida. Malam yana falo, aikin rana gare shi bai fita ba tukuna, Ladi kuma ta riga ta gaya masa komai a waya. Karim ya shiga da rezar a hannu, kansa a ƙasa, ya durƙusa nesa da shi.

"Baba, ka yi haƙuri. Yanzu zan aske."

Malam ya daɗe yana kallon goshin nan. Ni ina bakin ƙofa ina jiran in ji ya ce madalla. Sai ya miƙa hannu.

"Ba ni nan."

Ya karɓi rezar ya sa a aljihu. Ya ce, "Ka tashi lahiya? Ya hanya?" Karim ya ɗago a firgice, don gaisuwa ce, kuma gemun na nan. Malam ya juyo gare ni ya ce in kawo abinci a kwano ɗaya. Na ce Malam rantsuwar fa? Ya ce ya san hukuncinta, zai ciyar da mutum goma, kuma ya yi, buhun shinkafa da kaji ya kai gidan ɗaliban da ba su da kowa. Suna cin abincin tare, Malam ya ce wa Karim ya koma ya gaya wa abokansa kar wanda ya taɓa fuskarsa, shi ma kar ya taɓa.

Na ɗauka an gama. Sai washegari da asuba ban ji ƙarar famfon banɗaki ba kamar kullum. Jibi ma haka. Furfura ta fara tsirowa a haɓar Malam, fari fat, ni ban ma san ya yi furfura haka ba. To ga inda matsalar take. A farkon mako mai zuwa za a fara babban gyaran masana'anta, lokacin da ake tsayar da injuna a shiga cikin tankuna a wanke, a duba. Tsohon shef na sashen zai yi ritaya, an kuma ce wanda ya jagoranci gyaran shi zai gaje shi, kuma Malam aka zaɓa. Kujerar da ya yi rabin rayuwarsa yana jira, ana ta ɗora masa waɗanda suka zo bayansa. Mai jagorantar gyara shi ke fara shiga tanki, da abin rufe fuska. Daraktan sashen, mutumin kirki ne da ke son Malam, ya kira shi ofis ya ce, Isufu, kai ka fi kowa sanin doka, ba zan iya sa ka ciki da wannan ba. Malam ya ce ya sani, shi ma da shi ne ba zai sa ba. Daraktan ya ce zai jira shi har safiyar Litinin. In ya zo a aske, aikin nasa ne. In ba haka ba, dole ya ba Tibo, wani da Malam ɗin ne ya koya masa aiki.

Ranar da ya gaya mini, na ajiye ludayi na fuskance shi.

"Malam, wanga wane irin abu ne? Wa ya roƙe ka? Yaron ya ce ka bar gemu? Kai ɗan wasa ne?"

"Tsohhin garin ma suna bari."

"Tsohhin garin ba su shiga tanki! Jiya kai ne mai rantsuwa sai an aske, yau kai ne mai rantsuwa ba a askewa. Mu dai kullum sai mun sha wuyar taurin kanka?"

"Ban rantse ba wannan karon. Amma in na ce masa kar shi aske, ni kuwa ina askewa kowace asuba, baki ne kawai na ba shi."

Na yi magana har muryata ta dushe. Na kira yayansa a Damagaram, na kira limaminmu, duk ya saurare su da ladabi ya ce ya gode. Abu ɗaya ya roƙe ni, kar Karim ya ji zancen Litinin kafin wasa. Domin ƙungiyoyin biyu sun yi kunnen doki, wasan raba gardama ranar Lahadi da rana ne, a filinmu. In aka ci mu, kowa zai aske a ranar, Malam ya tafi aiki Litinin da fuska tas ya karɓi kujerarsa. In muka ci, gemu ya ci gaba, kujera ta tafi.

Ranar Lahadi ina shirin fita sai na gan shi a bakin ƙofa da babbar rigar sanyi da hula, ya ce mu tafi. Ita ce shigarsa ta farko filin nan. Madam Odil ta dube shi, ta dubi farar haɓarsa, ba ta tambayi ko wane ne ba, ta matsa ta yafa masa rabin jan bargonta. Kafin a fara ta riga ta kai shi, a labarinta, tafkin da ya fashe da mai tsaron raga. Da 'yan wasa suka fito, Karim ya zagayo ta gefenmu kamar yadda ya saba don ya ɗaga mini sanda, sai ya ga ubansa. Ya kusa faɗuwa.

Ban san yadda zan kwatanta muku wasan nan ba, don rabinsa idona a rufe yake. Na riƙe carbi na rasa abin da zan roƙa. In roƙi a ci ɗana, bayan abin da aka yi masa a Paris? In roƙi ya ci, in kashe wa mijina abin da ya yi wa wahala tun muna da ƙuruciya? Sai na riƙa cewa Allah ka zaɓa mana, Allah ka zaɓa mana. Suka fara cin mu, na ji wani sanyi a raina, na kuma ji kunyar sanyin. Muka rama. Suka ƙara, muka sake ramawa ana dab da tashi. Duk lokacin da aka haɗa Karim da bango sai in ji Malam ya ce "Subhanallahi" ya damƙe gwiwarsa. Lokaci ya ƙare ba wanda ya fi, aka ce za a ƙara, wanda ya fara jefawa shi ya ci. Filin ya yi tsit, har ƙarar ƙarfen takalma a kan ƙanƙara kana ji. Madam Odil ta kama hannuna tana matsewa kamar za ta karya. Na saci kallon Malam, shi da ya san abin da ke kan layi, ko zan ga alamar abin da yake so. Idonsa na bin yaron duk inda ya yi. Sai Karim ya ƙwace robar a bayan ragarsu, mutum biyu a kansa, ya turo ta ta tsakanin ƙafafunsu, kyaftin ya ɗaga sanda ya buga. Fitila ta kama ja, alamar robar ta shiga raga.

Rufin nan kamar zai faɗo. Madam Odil na kuka tana kiran sunan ubanta. Ni na zauna daɓas. Malam kuwa, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya a bainar jama'a ba, yana tsaye, bargo ya faɗi, hannu biyu a sama, yana ihu da Hausa a tsakiyar Turawa.

Safiyar Litinin na tashi kafin shi, na ajiye reza da sabulu a bakin madubi. Ya shiga, ya yi alwala, ya fito, suna nan yadda na ajiye su. Ya tafi aiki aka ba shi lissafin kaya a sito har a gama gyara, Tibo ya shiga tanki. A wasan ƙarshe ba mu kai labari ba, wata ƙungiyar duwatsu ta lallasa mu, Madam Odil ta rasu ba ta sake ganin kofi ba. Da aka gama, 'yan wasa suka aske, Malam ma ya aske, ya koma sashensa. Sai a lokacin na gaya wa Karim zancen Litinin, ya fita daga gidan ya yi ta yawo a bakin kogi, kuma har yau ba ya iya maganar, shi ya sa ba ku taɓa ji daga bakinsa ba. Har Malam ya yi ritaya a ƙarƙashin Tibo yake.

Ranar da ya koma sashen, ya dawo da yamma ya zauna yana cire takalmi. Na tambaye shi yaya aka yi, ya ce lafiya lau, ya gaishe da Tibo ya ce masa shef. Raina ya ɓaci har hawaye suka zubo mini. Na ce yanzu Malam mi ka samu? Kofin ma ba a ci ba. Gemun 'yan kwanaki, ga shi ya bi ruwa, kai kuma ka koma kana ce wa yaron da ka koya wa aiki shef. Ya ajiye takalmin gefe, ya shafa haɓarsa.

"Da na ce shi aske, tsoro ne ya yi magana, kuma tsoron gaskiya ne. Amma ranar da ya shigo nan da reza a hannu, kai a ƙasa, yana ba da haƙuri kan abin da bai yi ba, tahiyata na gani. Haka nake shiga ko'ina tun da na zo ƙasar nan. Hadiza, ni na saba. Shi ne ban so shi saba ba."